Lambar Mersenne ta 52

Lambar firam ta Mersenne ta 52 da aka gano ita ce 2^136,279,841 − 1, wato a ninka 2 da kanta har sau 136,279,841 sannan a cire 1. Tana cikin lambobin firam, waɗanda ba su rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, irin su 2, 3, 7 da 31. Ba'amurke Luke Durant ne ya gano ta a watan Oktoba na 2024 ta hanyar GIMPS, shirin neman irin waɗannan lambobi. Alƙalumanta 41,024,320 ne, na ƙarshe kuwa 1.

An sa wa wannan jinsi na lambobi masu siffar 2^p − 1 sunan Marin Mersenne, malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648. Kafin 2^p − 1 ta zama firam dole p ma ta kasance firam, amma hakan bai wadatar ba: 2^11 − 1 tana ba da 2047, wadda ita ce 23 sau 89. A rubutun kwamfuta na sifiri da ɗaya, lambar Mersenne jerin ɗaya ce zalla. Abin da ya fi burgewa shi ne kowace irinta da ta kasance firam tana haifar da cikakkiyar lamba, wato wadda ta yi daidai da jimillar lambobin da ke raba ta ban da ita kanta, kamar yadda 3 ta haifi 6, 7 kuma ta haifi 28.

Da gwajin Lucas-Lehmer ake tabbatar da cewa lambar Mersenne firam ce. Ɗalibin lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, zai iya gwada shi da biro a kan 127. Manhajar GIMPS kyauta ce ga duk mai son shiga neman ta gaba.