Daga Ina Sani Yake Zuwa? Tarihin Wata Tambaya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan a jami'a ka fara jin saɓanin Descartes da John Locke kan tushen sani, ko hankali ne ko ji da gani, to malamanmu sun riga su. Imamu Gazali (ya rasu a 1111) ya tuhumi ido, domin yana nuna tauraro ɗan ƙarami alhali ya fi duniya girma. Ibnu Ɗufail (ya rasu a 1185) ya tsara labarin yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, har tunani ya kai shi ga Mahalicci. An fassara shi zuwa Latin a 1671, kafin littafin Locke ya fito.

A zaurukanmu, littattafan Imamu Sanusi sun kasa hukunci gida uku: na hankali, na al'ada, na shari'a. Masuncin Yawuri da ya sake koyon halin ruwa bayan madatsar Kainji ta cinye tsibirai a 1968, al'ada ce malamarsa. Adadin raka'o'in Asuba kuwa, sai ta wahayi. Shehu Usmanu ma ya hana kafirta talaka don bai iya hujjojin ilmul kalam ba.

Kowace tambaya da ƙofarta. Wallahu a'alam.