Yadda Ɓarawo Ya Bar Keke Ya Koma Kan Wili da Sirdi

A manyan biranen Turai da Amurka ba abin mamaki ba ne ka tarar da firam ɗin keke ɗaure da turken ƙarfe, babu wili, babu sirdi. Akan ɗora laifin a kan talauci ko lalacewar tarbiyya, amma tarihin keken kansa ya nuna cewa wasu ƙere-ƙere biyu ne, kowanne an yi shi da kyakkyawar niyya, suka haɗu suka koya wa ɓarawo ya bar keke inda yake ya kwashe kayan jikinsa.

Na farko daga Italiya ya fito. Labarin da kamfanin Campagnolo ke bayarwa shi ne, a 1927, ana tsere a mashigin tsaunin Croce d'Aune, sanyi ya sandarar da yatsun Tullio Campagnolo har ya kasa kwance notin wilin baya. Daga baya ya ƙera wani ɗan mariƙi da ake ɗagawa wili ya fita ba tare da sifana ba. Ga ɗan tsere wannan alheri ne, domin ba ya ajiye kekensa a bakin kasuwa. Sai dai masu kekunan hawan dutse na Kalifoniya sun sa irin mariƙin a ƙarƙashin sirdi don su riƙa sauke shi a gangara, kuma a shekarun 1980 waɗannan kekuna suka cika birane, a hannun ɗalibai da ma'aikatan da ke barinsu yini guda a ƙofar tasha. Duk wanda ya san tsohon Raleigh, wanda kowane ƙarfe nasa noti ke riƙe da shi, ya san bambancin: wannan sai da kayan aiki da lokaci, wancan ko yaro ya zare.

Na biyu kwaɗo ne. A 1972 aka ɗaure keke a Greenwich Village da ke New York har kwana 30, don gwada sabon kwaɗon ƙarfe mai lanƙwasa na kamfanin Kryptonite. Kwaɗon bai karye ba, amma duk abin da ke ciruwa an cire. Kamfanin ya ɗauki gwajin nasara, kuma da gaskiyarsa, sai dai gwajin ya nuna inda sata za ta nufa.

Wani zai ce kasuwar kayan sata ta riga waɗannan duka, ya kafa hujja da fim ɗin Ladri di biciclette na Vittorio De Sica na 1948, inda mai keke ke bin teburan kasuwar Piazza Vittorio a birnin Rum yana neman sassan kekensa da aka sace. Hujjar na da ƙarfi, kuma ba sata sai da ɓarawon zaune. Amma a duba tsarin abin: a can keken aka ɗauke gaba ɗaya, sannan aka wargaza shi a ɓoye, saboda lambar da za ta tona asiri a jikin firam take, wili da sirdi ba su da ita. Kasuwar kayan sata tana nan yadda take. Wargazawar ce ta baro bayan shago ta dawo bakin titi da rana tsaka, tunda yanzu firam ne mai wahalar ɗauka, shi ne kuma mai haɗarin sayarwa.

Akwai masu cewa ɓarawo mai ɗan mabuɗin noti a aljihu ba ruwansa da mariƙi. Haka ne, amma minti biyu a durƙushe gaban jama'a ba ɗaya yake da daƙiƙa biyar ba, kuma kan wannan tazara kamfanoni irin su Pitlock na Jamus ke cin abinci, suna sayar da noti mai mabuɗi na musamman don a maye gurbin mariƙin da mai keke ya riga ya biya kuɗinsa. Sababbin kekunan tsere ma da yawa sun koma ga sandar wili mai ɗaurewa, ko da yake ƙarfin birkin faifai ne ya jawo hakan, masu ƙera su ba ɓarawo suka duba ba.