Tseren Da Ake Ci Tun A Tudu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Yauri ranar Rigata ya san inda idon jama'a yake. Yana kan matuƙa, yadda filafilai ke shiga ruwa lokaci guda su fito lokaci guda, makaɗa na zuga su, 'yan kallo na ihu. Amma mai ƙera jirgi zai gaya maka cewa rabin tseren an riga an yi shi a tudu, ranar da aka yanke faɗin cikin jirgin da tsinin bakinsa. Siririn jirgi ya fi tsaga ruwa, sai dai ba ya da wuyar kifewa. Mai faɗi ya fi zama daram, amma yana cinye ƙarfin matuƙa. Tsakanin waɗannan biyu maƙerin jirgi yake neman inda zai tsaya, kuma wurin tsayawar yana canzawa duk lokacin da ruwan ya canza.

Sunan Rigata aro ne daga Turanci, amma abin ya girmi sunan. Mutanen tsibiran Kwara, waɗanda Hausawa ke kira Gungawa saboda zamansu a gungu, su kuma suke kiran kansu Reshe, su ake dangantawa da asalinsa. Abin da ake faɗa shi ne, fitar da suke yi cikin jirage su yaƙi dorina, mai ɓarnar gona da kifar da jirgi, ita ce ta rikiɗe ta zama wasan nuna bajinta. Jirgin wancan zamani daga gungume ɗaya ake sassaƙa shi, maɗaci ko wani icce mai ƙwari, da gatari da gizago. Girman bishiya ne iyakar girman jirgi. Wanda yake son abin da ya fi haka sai ya haɗa biyu.

Jirgin haɗi mafi suna da ya taɓa wucewa ta Yauri na baƙo ne. A ƙarshen 1805, a garin Sansanding da ke ƙasar Mali ta yau, Mungo Park ya rasa jirgi mai lafiya, sai ya ɗauki ruɓaɓɓun kwale-kwale, ya zubar da ɓangaren da ya lalace, ya haɗa masu sauran ƙwari. Ya sami jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, tsawonsa kimanin ƙafa 40, faɗinsa ƙafa 6, ya sa masa suna Joliba. Wannan faci ya ɗauko shi tafiyar sama da kilomita 1,500 har Yauri, inda ɗan jagoransa Amadi Fatuma ya sauka. Daga nan bai yi nisa ba. A farkon 1806 jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, aka far musu daga gaɓa, Park ya nutse. Da Richard da John Lander suka zo Yauri a 1830 neman takardunsa, abin da ya fi ba su wahala bayan nan shi ne samun jirgin da ba ya yoyo.

Kogin da waɗannan mutane suka gani ke nan: rassa-rassa tsakanin tsibirai, ga duwatsu, ga ruwa mai gudu. Jirgin da ya dace da shi siriri ne, marar nitso sosai, wanda gora da filafili za su iya juyawa cikin ƙiftawar ido.

Sai aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka tare kogin a 1968. Ruwa ya koma baya har Yauri, ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, faɗinsa a wani wuri ya haura kilomita 20. Tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Park suka shige ƙarƙashin ruwa. Mutane sama da 40,000 aka tayar, cikinsu har da Gungawa da yawa da aka mayar tudu, aka ba su gidajen siminti. An yi rubutu mai yawa a kan gonakin albasa da suka nutse da kuma sababbin ƙauyuka. A ganina an rage wa jirgi nasa kason labarin. Mutumin da ya gaji tuƙi a kogi ya wayi gari a gaban ruwan da ba a hango ƙarshensa, wanda iskar hadari ke tayar wa raƙuman ruwa. Ga kuma bishiyoyin da ba a sare ba, suna tsaye a ƙasa, ba a ganinsu sai ruwa ya ja. Sannu a hankali jirgin katako ya karɓe aikin: shimfiɗaɗɗen ƙasa, katakai a gefe, ƙusa, a toshe mahaɗa don kada ruwa ya shiga. Katako ya cire iyakar da bishiya ta gindaya, ana iya ƙara tsawo da faɗi yadda aljihu ya ƙyale. Daga baya aka ɗaura masa inji a baya.

A nan zan ɗan kai mai karatu nesa, domin a daidai shekarar 1968 wasu mutane a Amurka suna fama da wannan matsala ta ƙara ƙarfin inji a kan tsohon gini, sai dai tasu a kan abin wasa ne. Akwai 'yan ƙananan motoci masu aiki da lantarki da ake tsere da su a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya mai tsaga. Kowace mota tana da ɗan harshe a ƙasan gabanta wanda ke shiga tsagar, wuta na zuwa ta ƙarafan gefen tsagar, direba kuma yana tsaye a waje da abin matsawa a hannu, ba abin da yake iko da shi sai gudu. Idan ya shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin motar, harshen ya fita, ta yi waje. Kamfanin Lionel ya sayar da irinsu tun 1912, Fred Francis ya fito da Scalextric a Ingila a 1957, kuma a tsakiyar shekarun 1960 Amurka tana da gidajen wannan tsere kimanin 3,000.

Tunda babu sitiyari, komai ya koma kan shasi, wato ƙashin motar. Masu son cin tsere suka daina sayen na kanti, suka koma ƙera nasu da tagulla da siririyar wayar ƙarfe, suna liƙawa da dalma kamar mai gyaran rediyo. Da injuna suka ƙara ƙarfi, sai tsohon tsari ya fara ba da matsala. Injin da aka kwantar a tsawon mota yana murɗa ta gefe idan an ba shi wuta. Wanda aka gicciye kusa da tayoyin baya yana bukatar babban giya, babban giya kuma yana tilasta manyan tayoyi, motar ta yi sama. A 1968 aka fara karkata injin, ya zauna a ɗan kusurwa, aka sami ƙananan tayoyi da nauyi a ƙasa. Cikin ɗan lokaci duk mai son ya ci sai da ya koma wannan tsari. Sun kuma gano cewa shasi mai tauri kamar dutse tsalle yake yi, don haka suka riƙa saƙala fallayen tagulla a gefe, sakwa-sakwa, su shanye girgiza.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne saurin da gyaran ya bazu. Mujallu irin su Car Model suna buga zane da awon shasin da ya ci tsere, wani a wani gari ya kwaikwaya, ya gyara, ya kayar da mai asalin. Akwai kuma hanya guda mai suna Blue King, mai tsawon ƙafa 155, da aka gina irinta a wurare da yawa, saboda haka lokacin da mota ta yi a nan ana iya gwada shi da na can. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan hali: kuskuren da aka rubuta aka nuna wa kowa shi ke saurin mutuwa. Harkar kanta ba ta daɗe tana tashe ba. Yaron da ya zo da motar kanti ya ga ba shi da rabo a gaban gwanaye, ya daina zuwa, kafin farkon shekarun 1970 mafi yawan gidajen sun rufe.

Maƙerin jirgi a Yauri ko Wara ya san duk waɗannan abubuwa a aikace. Ya san nauyi a ƙasa ake so, ya san katako yana bukatar ɗan motsi, ya san inda girgizar inji ke sassauta ƙusa. Amma awonsa a ido yake da hannu, daga maigida zuwa yaron shago, kuma wanda ya ba shi aiki ne ke faɗin girman da yake so. Motar wasa idan ta fita daga tsaga ana ɗaukarta a mayar. Ranar 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa Wara, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski, ya tarwatse a ruwa da mutane sama da 150. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Jami'ai sun ɗora laifin a kan lodi fiye da kima da tsufan jirgin. Gaskiya ne, kuma maganar rigar ceto da ake ta yi tun lokacin tana kan hanya. Sai dai kalmar "fiye da kima" tana nufin akwai kima, lamba da ya kamata a ce an auna, an rubuta a jikin jirgin tun ranar da ya bar hannun kafinta: tsawo kaza, kaurin katako kaza, inji mai ƙarfi kaza, mutum kaza, shekara kaza kafin a sake duba shi.

Rigata ce ranar da jiragen maƙera daban-daban ke jeruwa a ruwa ɗaya, a tazara ɗaya, jama'a na kallo. Tun da aka farfaɗo da bikin a zamanin Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya zama abin da gwamnatin Kebbi ke gayyatar baƙi dominsa. Da ni ake shawara, da an kira sunan wanda ya ƙera jirgin da ya zo na ɗaya kamar yadda ake kiran matuƙa, an auna jirgin an ajiye awon, an kuma ƙara rukunin jiragen kasuwa masu inji, a loda musu buhunan yashi a ga yadda kowanne ke zama a ruwa. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa tana nan New Bussa a bakin wannan tafki, ba a rasa masu iya riƙe alƙalami ba.

Akwai dai abin da ko wannan ba zai nuna ba. Ana yin Rigata ne wajen watan Fabrairu, lokacin da tafkin yake cike kuma hadari bai fara ba. Daga nan ruwa yake fara ja har zuwa damina, kututturan 1968 su matso kusa da ƙasan jirgi, iskar farkon damina ta taso. A wannan ruwan ne jiragen kasuwar Wara da Yauri suke yin mafi haɗarin tafiyarsu.