Mai raba ƙwallo: Matsayin da ake musu a kansa a gidajen kallo na Ƙaraye da Rogo

Mai raba ƙwallo shi ne ɗan wasan tsakiya da ƙungiya ke ɗora wa alhakin tsara hari. Shi ke karɓar ƙwallo daga 'yan baya, ya dubi fili, ya zaɓi inda za ta nufa da irin saurin da za ta tafi da shi. Dokokin wasa ba su ambaci wannan matsayi ba, domin mai tsaron raga kaɗai suka ware da suna, amma da wuya a tashi daga gidan kallon ƙwallo a Ƙaraye ko Rogo ba a yi musu a kansa ba. Daga gidan kallo musun kan koma teburin mai shayi, washegari kuma ya isa filin atisaye, inda yake shafar irin wasan da ake koya wa yara.

Aikinsa a fili

Abubuwa uku ake auna mai raba ƙwallo da su. Na farko shi ne waiwaye kafin ƙwallo ta iso, ta yadda zai san inda abokin hamayya yake tun bai taɓa ta ba. Na biyu shi ne natsuwa a cikin matsi, wato ya karɓi ƙwallo mutum biyu na rufo shi, ya juya jikinsa ya kare ta, ya fitar da ita ba tare da ya firgita ba. Na uku shi ne zaɓi: gajeren fasin zuwa na kusa, ko doguwar ƙwallo zuwa bayan 'yan bayan abokan karawa.

Matsayin ya kasu gida biyu. Akwai mai lamba goma, wanda ke tsayawa a bayan masu cin ƙwallo, kamar yadda Austin Jay-Jay Okocha ya yi wa Super Eagles. Akwai kuma wanda ke zama can ƙasa, a gaban 'yan baya, a wurin da aka saba kira lamba shida. A tawagar Najeriya ta 1994 Sunday Oliseh ne ya riƙe wannan wuri, kuma dogayen ƙwallayensa ne suka riƙa samun Rashidi Yekini da Daniel Amokachi a guje.

Sunan da aka aro daga Amurka

Masu sharhi a Ingila kan kira mai raba ƙwallo na ƙasa da sunan kwatabak, kalmar da suka aro daga ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa da hannu da ƙwallo mai siffar ƙwai. A wancan wasa ƙungiya tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi goma, kuma kusan kowane hari daga hannun kwatabak yake farawa. Ƙarfafan 'yan wasa biyar ne ke yi masa shinge, su buɗe masa ɗan wuri da Amurkawa ke kira aljihu, inda yake samun kimanin daƙiƙa uku ya jefa ƙwallo kafin a kayar da shi. Magoya baya a can sun daɗe suna musu tsakanin mai tsayawa cikin aljihun ya yi jifa, irin Tom Brady da ya ci kofin Super Bowl sau bakwai, da mai ficewa da gudu idan shinge ya karye, irin Lamar Jackson.

Aron sunan bai zo da sa'a ba a karon da ya fi yin amo. A watan Satumban 2005 kocin Ingila Sven-Göran Eriksson ya ajiye David Beckham a gaban 'yan baya domin ya riƙa watsa dogayen ƙwallaye, sai Ireland ta Arewa ta ci su ɗaya da nema a Belfast. Darasin da masu sharhi suka ɗauka shi ne mai jifa ba ya aiki sai da masu yi masa shinge.

Yadda matsayin ya sauko ƙasa

A 2001, lokacin da Andrea Pirlo ke zaman aro a Brescia, Roberto Baggio ne ke riƙe da lamba goma, don haka koci Carlo Mazzone ya mayar da Pirlo baya. Carlo Ancelotti ya ɗora a kan haka a AC Milan, ya sa Gennaro Gattuso a gefensa yana ƙwato masa ƙwallo. Da wannan tsari Milan ta ci Kofin Zakarun Turai a 2003 da 2007, Italiya kuma ta ci Kofin Duniya a 2006 da mutanen biyu a tsakiya.

Sauyin dokoki ma ya taimaka. A 1992 aka hana mai tsaron raga kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, abin da ya tilasta wa 'yan baya koyon fita da ƙwallo. A 2019 aka soke sharaɗin cewa sai bugun gola ya fita daga da'irar yadi 18 kafin wani ya taɓa. Tun daga nan ƙungiyoyi da yawa suke fara hari daga bakin ragarsu, abokan karawa kuma suke hawowa su matsa musu, sai nauyin ya ƙaru a kan mutumin da ke tsakiya.

Bangarorin musun

Masu goyon bayan salon ba-ni-in-ba-ka suna kafa hujja da Barcelona ta Pep Guardiola tsakanin 2008 da 2012, da tawagar Sifaniya da ta ci kofin Turai a 2008 da 2012 da na duniya a 2010. A ganinsu wanda ke riƙe da ƙwallo ba a cin sa, kuma Xavi da Sergio Busquets ne ma'aunin gwaninta. Suna ƙara da Rodri na Manchester City, wanda ya karɓi kyautar Ballon d'Or ranar 28 ga Oktoban 2024, da yadda ƙungiyarsa ta yi ta shan kashi a watannin da ya yi yana jinyar gwiwa.

Ɗaya ɓangaren na cewa riƙe ƙwallo ba ya cikin abin da ake rubutawa a allon sakamako. Suna tuna yadda Inter Milan ta José Mourinho ta fitar da Barcelona a 2010, da yadda Chelsea ta maimaita hakan a 2012. Suna kawo Leicester City da ta ci Firimiya a 2016 da dogayen ƙwallayen Danny Drinkwater zuwa ga Jamie Vardy, da Maroko da ta fitar da Sifaniya a Kofin Duniya na 2022 duk da cewa Sifaniya ta riƙe ƙwallo fiye da kashi 70 cikin ɗari na wasan. Hujjarsu ita ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon ya fi tsagewa a lokacin da abokin hamayya ya hauro gaba.

Kyautar Rodri ta ƙara rura wutar musun, domin Real Madrid ta ƙaurace wa bikin bayan ta fahimci cewa Vinícius Júnior ba zai samu ba. A gidajen kallo tambayar ta koma wane ne ya fi cancanta: mai yanka da cin ƙwallo, ko mai shirya wa wasu hanya.

Misalin Mikel da Ahmed Musa

Babu ɗan wasan Najeriya da aka yi wannan musu a kansa kamar John Mikel Obi. A gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta duniya da aka yi a Holan a 2005, yana wasa a gaba-gaba ƙarƙashin Samson Siasia, ya zo na biyu a jerin gwanayen gasar, bayan Lionel Messi. Da ya koma Chelsea a 2006 sai aka mayar da shi mai tare hari a gaban 'yan baya. Ya ci Kofin Zakarun Turai a 2012, amma ƙwallo ɗaya tak ya ci a Firimiya a tsawon zamansa a can. Wasu na ganin an dakushe shi, wasu kuma na ganin an ba shi aikin da ya daɗe da shi a babbar ƙungiya.

Kofin Duniya na 2018 a Rasha ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. A wasan farko da Kuroshiya koci Gernot Rohr ya sa Mikel a lamba goma, Najeriya ta kasa kai hari mai ma'ana, aka ci ta biyu da nema. A wasa na biyu da Iceland a Volgograd, ranar 22 ga Yuni, Rohr ya koma tsarin 'yan baya uku, ya sauko da Mikel ƙasa, ya sa Ahmed Musa a gaba. Musa ya ci biyu. Ta farko ta fito ne daga harin ba-zata da Victor Moses ya bugo daga dama, ta biyu kuma daga doguwar ƙwallon da mai tsaron baya Kenneth Omeruo ya aika gefen hagu. Masu son mai raba ƙwallo na ƙasa suna cewa saukowar Mikel ce ta daidaita tawagar. Masu son doguwar ƙwallo suna cewa ba a yi dogon ba-ni-in-ba-ka kafin ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Sai Masu Gida

A gida ma akwai misalan ɓangarorin biyu a ƙungiya ɗaya. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 kuma gwamnatin jiha ke ɗaukar nauyinta, ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, da kofin ƙalubale a 2019. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ahmed Musa ya ci mata ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 da gudu da kutsawa bayan 'yan baya, kuma wannan ne ya kai shi VVV-Venlo ta Holan. Rabi'u Ali, wanda magoya baya ke kira Pele, ya wakilci ɗaya salon: natsuwa, raba ƙwallo da bugun tazara. Yana cikin tawagar Stephen Keshi da ta zo ta uku a gasar CHAN ta 2014, kuma ya ci gaba da taka wa Pillars leda har bayan ya haura shekara 40, abin da ya fi sauƙi ga wanda wasansa ya dogara da kai fiye da ƙafa.

Filin da ake bugawa

Wasan da ake kallo a talabijin ana yin sa ne a kan ciyawar da aka aske aka yi wa ban-ruwa. Wanda ake bugawa a Ƙaraye da Rogo, da garuruwa irin su Yammedi, Turawa, Zarewa da Fulatan, galibi a filayen makarantu ne na ƙasa. Da rani filin kan bushe ya yi tauri, ƙwallo ta riƙa tsalle ba bisa ƙa'ida ba. Da damina ruwa kan kwanta, ko zaizaya ta tsaga shi. A irin wannan fili gajeren fasin a gaban raga kasada ce, don haka kocin unguwa da ya umarci ɗan baya ya ɗaga ƙwallo gaba yana bin abin da ƙasa ta ba shi ne.

Sakamakon haka yaron da ke da gudu da ƙarfi ya fi saurin fitowa, shi kuwa mai gani da natsuwa sai a ce yana da sanyi ko yana ɓata lokaci. Gasannin cin kofi da 'yan siyasa kan ɗauki nauyi, musamman idan zaɓe ya ƙarato, yawanci na sili-ɗaya-ƙwale ne, inda kuskure guda ke fitar da ƙungiya. Babu kocin da zai bar yaro ya koyi juyawa cikin matsi a wasa irin wannan. Mai raba ƙwallo yana buƙatar gasa mai tsawo da atisaye a kai a kai, domin sai ya yi ta rasa ƙwallo kafin ya iya riƙe ta.

Alhakin wa?

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya gina wuraren shaƙatawa da filayen jama'a da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi ne guda biyu da ke da ɗan majalisar wakilai ɗaya, kuma tun 2024 su ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu. Saboda haka akwai ofisoshin da matasa za su iya tunkara da tambayoyi ƙayyadaddu: nawa aka ware wa wasanni a kasafin shekara, wane fili aka baje aka yi wa magudanar ruwa, wanne aka killace domin kada a yanka shi fuloti, kuma wace gasa ce za ta ci gaba bayan an gama zaɓe.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Pirlo ya samu Gattuso, Xavi ya samu Busquets, Brady ya samu mutum biyar a gabansa. Yaron da ke lamba shida a filin firamare a Rogo yana buƙatar abokin da zai tare masa, kocin da zai yi haƙuri da kuskurensa, da ƙasar da ƙwallo za ta gangara a kai ta isa inda ya aika ta.