Amfilifayar rukunin AB da ta rukunin D: ina bambancin yake?

Amfilifaya ita ce na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi har ya iya motsa lasifika. Waɗanda ake amfani da su a gidaje iri biyu ne, kuma abin da ya raba su shi ne yadda tiransisto ke sarrafa wutar lantarki.

A tsohon tsari, wato rukunin A da na AB, tiransisto yana aiki tamkar kan famfo: buɗewarsa na ƙaruwa tana raguwa daidai da hawa da saukar sautin. Wutar da ya tare zafi take komawa. A lissafi, abin da rukunin AB ke iya mayarwa sauti ba ya wuce kashi 78.5 cikin ɗari, a aikace kuwa bai kai haka ba. Wannan ne dalilin faffaɗan ƙarfen sanyaya da ke cikin irin waɗannan na'urori.

A rukunin D, tiransisto ko dai a kunne yake ɗungum ko a kashe, yana sauyawa sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Tsawon kowace kunnawa ne ke ɗauke da sautin, sannan naɗin waya da kafasito su tace shi. Kusan kashi 90 na wutar yana isa ga lasifika. Harafin D ba ya nufin dijital, duk da abin da masu talla ke faɗi.

Tun 1964 kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar da irinta, amma ta daɗe da sunan rashin tsabtar sauti, har injiniyoyi irin su Bruno Putzeys ɗan Beljiyam suka kyautata ƙirarta.

Ga mai wutar gwamnati, bambancin kuɗin kaɗan ne. Ga mai dogaro da sola da batir kuwa, sa'o'in sauraro ne. Ƙwaƙwalwar TPA3116 ta Texas Instruments tana aiki da bolt 4.5 zuwa 26, don haka batir mai bolt 12 ya ishe ta ba tare da inbata ba.

Sai dai AB ta fi sauƙin gyara a hannun mai gyaran rediyo, kuma D mai araha takan cusa ƙara a rediyo mai gajeren zango. Shi kuma adadin wat da ake bugawa a kwali da alamar PMPO ba ma'auni ba ne. Wanda ke ɗauke da alamar RMS ya kamata mai saye ya nema.