Madaki, Shamaki, Barde: Sunayen da Doki Ya Bar Mana

Kwanan baya wani yaro ya zo shagona a kasuwar Jimeta, zan rubuta masa rasit, ya ce sunan gidansu Shamaki. Na ce masa, "Ina dawakin?" Ya yi dariya, wai shi ban da babur bai taɓa hawa komai ba.

To, jama'a, waɗannan sunaye asalinsu aiki ne. Shamaki wurin ɗaure dawakin sarki ne, kuma da shi ake kiran bawan da ke kula da su. Kada a raina shi, a fadar Kano Shamaki yana cikin manyan bayin sarki masu faɗa a ji. Madaki kuwa, ko Madawaki, wasu wuraren a ce Ubandawaki, shi ne shugaban mayaƙan kan doki. Har gobe Madakin Kano na cikin masu zaɓen sarki, kuma sarautar ta gidan Yolawa ce. Amma fa Yola ta cikin birnin Kano ake nufi, ba tamu da Modibbo Adama ya kafa a 1841 ba. Barde jarumin mahayi ne. Lifidi rigar kariya ce da ake cusa wa auduga a sa wa doki da mahayinsa saboda kibiya. Zagi shi ne mai tafiya a ƙasa gaban dokin sarki.

Yaya aka yi suka koma sunan gida? Mu da can ba mu san wannan ba, wane ɗan wane ake cewa, ko a kira mutum da garinsu ko sana'arsa. Da Turawa suka ci Yola a 1901, aka shigo da rajistar haraji da ta makaranta da ta soja, sai aka ce dole kowa ya kawo suna na biyu. Yaro sai ya ba da sarautar uba ko kaka, ta manne.

Kuma abin ya wuce Hausawa. Dattawanmu ba su manta Kanar Yohanna Madaki ba, gwamnan soja na Gongola daga 1985 zuwa 1986, mutumin kudancin Kaduna ne, inda sarautun Zazzau suka shiga ƙauyuka. Joshua Madaki ya yi Bauchi, John Madaki ya yi Katsina. Ga dai sunan shugaban mahaya, aikin ma na yaƙi ne, doki ne kawai babu.

Larabawa na da Faris. Turawa ma, kalmar Mashal da ake ba babban hafsan soja, asalinta mai kula da dawaki ne, wato dai Shamakinsu. Haka na gaya wa yaron kafin ya tada babur ɗinsa.