Lasisin Jinya a Ƙasar Waje: Abin da Ya Sami 'Yan Filifin Kafin Mu

A yau da wuya ka shiga asibiti ko makarantar koyon jinya a Kano, Kaduna, Jos ko Maiduguri ba ka ji ana hirar IELTS, CBT, OSCE da NCLEX ba. Wani ya sayar da fili, wata ta sayar da sarƙar gwal ɗinta, wani ya ci bashi, duk don a biya kuɗin jarrabawa da na tantance takardu. Tunda abin ya kai ga dukiya da shekarun ƙuruciya, ya kamata mu san irin hanyar da muke shirin bi. Akwai waɗanda suka riga mu binta da fiye da shekara 70, su ne ma'aikatan jinya na ƙasar Filifin da suka nufi Amurka. Tarihinsu yana nuna mana cewa ƙofar lasisi a ƙasar waje tana buɗewa da rufewa ne gwargwadon buƙatar masu gida, kuma baƙo ne ke ɗaukar asara duk ranar da aka rufe ta.

Tushen abin shi ne mulkin mallaka. A 1898 Amurka ta karɓe tsibiran Filifin daga hannun Sifaniya bayan yaƙi, ta biya dala miliyan 20. Turawan Amurka suka tarar da kwalara da sauran cututtuka, suna kuma buƙatar masu jinyar sojojinsu da ma'aikatansu. Sai aka fara buɗe makarantun jinya: ta asibitin mishan na Iloilo a 1906, wasu kuma a Manila, babban birnin ƙasar, daga 1907. Da Turanci ake koyarwa, da littattafan Amurka, bisa tsarin asibitocin Amurka. A lokacin babu wanda ya yi nufin horar da su don fita waje. Amma ko da ƙasar ta sami 'yancin kai a 1946, tana da dubban mata da aka horar tamkar a Amurka za su yi aiki. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin haka tsarin jinyar Najeriya da Gana ya samo asali daga Birtaniya, shi ya sa har gobe Ingila ce ke fara zuwa a ran mai son fita.

Ƙofa ta farko ta buɗe ne a 1948. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu asibitocin Amurka sun yi ƙarancin ma'aikata, ga kuma gasar neman farin jini tsakaninta da Tarayyar Sobiyet. Sai ta kafa shirin musayar baƙi, wai mutum ya zo ya ƙaro ilimi na shekara biyu ya koma gida. Malamar tarihi Catherine Ceniza Choy, wadda ta rubuta littafin Empire of Care a 2003, ta nuna cewa tsakanin 1956 da 1969 ma'aikatan jinya 'yan Filifin fiye da 11,000 ne suka shiga shirin. A takarda ɗalibai ne. A cikin asibiti kuwa cikakken aiki suke yi, da dutin dare da na ranakun hutu, ana ba su alawus da bai kai albashin takwarorinsu 'yan ƙasa ba. Duk da haka wannan alawus ya fi abin da ake biya a Manila nesa ba kusa ba, don haka layi bai taɓa yankewa ba.

A 1965 abubuwa biyu suka haɗu. Amurka ta sauya dokar shige da fice, ta soke tsohon tsarin da ke fifita Turawa, ta ba masu sana'a damar zama na dindindin. A shekarar ce kuma ta kafa Medicare da Medicaid, wato inshorar lafiyar tsofaffi da ta marasa ƙarfi, lamarin da ya cika asibitoci da majinyata. A 1970 aka ƙara sassauta dokar biza, har ma'aikaciyar jinya na iya shigowa da bizar aiki ta wucin gadi ta riƙe gurbi na dindindin. A can gida, Shugaba Ferdinand Marcos ya ga cewa kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa babbar hanyar samun dala ce, sai dokar ƙwadago ta 1974 ta mayar da tura ma'aikata waje manufar gwamnati. Dillalai suka cika Manila da tallar tikiti da alkawarin aiki.

A nan ne maganar lasisi ta fara cizo. A Amurka kowace jiha tana da hukumar jinyarta, kuma ita ke ba da lasisi. A shekarun 1970 jihohi suka riƙa tilasta wa waɗanda suka yi karatu a waje su zauna jarrabawar da 'yan ƙasa ke zaunawa. Tsarin ya kasance haka: ki iso da bizar aiki, a ba ki izinin wucin gadi, ki fara aiki, sannan ki zauna jarrabawa. Mafi yawan baƙi faɗuwa suke yi a zaman farko. Tambayoyin na zaɓi-ɗaya ne, an gina su kan yaren asibitin Amurka da al'adunta, kuma ɓangaren jinyar masu taɓin hankali ya kayar da mutane da yawa, saboda ba a zurfafa shi a makarantunsu ba. Wadda ta faɗi sai a janye izininta. Izini na tafiya, bizar ma ta lalace. Wasu aka ce su tattara su bar ƙasar. Wasu asibitin ya riƙe su a matsayin mataimaka, aikin bai ragu sosai ba amma albashi ya faɗi. Mace ta bar ƙasarta da cikakkiyar takardar shaida da shekarun gogewa, ga bashin tikiti a wuya, ta ƙare tana aikin da ba ya buƙatar rabin karatunta.

Ƙorafi ya yi yawa daga ɓangarori biyu. Baƙin suka kafa ƙungiyoyi suna neman a yi musu adalci, ƙungiyoyin jinya na Amurka kuma suna cewa ana saka majinyata cikin haɗari. Daga nan aka kafa CGFNS a birnin Philadelphia a 1977, ta fara jarrabawa a 1978. Hikimar ita ce a gwada mutum tun yana ƙasarsa, a ilimin jinya da Turanci, kafin ya kashe kuɗin jirgi. Hakan ya rage masu zuwa su maƙale. Sai dai ya ƙara sabon mataki da sabon kuɗi, kuma daga aljihun mai nema suke fita. A 1982 aka maye gurbin tsohuwar jarrabawar jihohi da NCLEX, a 1994 aka mayar da ita kan kwamfuta. Dokar shige da fice ta 1996 ta ƙara sharaɗin tantance takardun ma'aikatan lafiya kafin a ba su biza, abin da aka sani da VisaScreen. Duk wani fom da muke cikewa yau yana da shekarar da aka haife shi da rikicin da ya haife shi.

Ku lura kuma da yadda bizar kanta take hawa da sauka. Da ƙarancin ma'aikata ya tsananta a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da cutar ƙanjamau ta cika asibitocin manyan birane, majalisar Amurka ta ƙirƙiro biza ta musamman ga ma'aikatan jinya a 1989. Da buƙata ta lafa, aka bar ta ta mutu a 1995. A farkon shekarun 2000 ƙarancin ya dawo, ƙofa ta sake buɗewa. A Filifin abin ya zama tamkar zazzaɓi. Makarantun jinya suka haura 400, wasu ba su da asibitin koyarwa na kirki. Iyaye suka riƙa tura 'ya'ya karatun jinya ko suna so ko ba sa so. Har likitoci dubbai suka koma aji suna karatun nas, domin albashin nas a Amurka ya ninka na likita a gida.

Shekarar 2006 ta tara darussa uku. Na farko, a watan Yuni aka gano an fitar da tambayoyin jarrabawar lasisi ta ƙasar Filifin ta hannun wasu cibiyoyin bita. Kimanin mutum 42,000 suka zauna, kusan 17,000 suka ci. CGFNS ta ce ba za ta tantance kowa daga wannan rukuni ba sai ya sake zama ɓangarorin da abin ya shafa. Wanda ya ga tambayoyin da wanda bai gani ba duk hukunci ɗaya ya hau kansu.

Na biyu, a watan Afrilu wasu ma'aikatan jinya 'yan Filifin a gidajen kula da tsofaffi na jihar New York suka ajiye aiki, suna cewa abin da aka yi musu alkawari a Manila ba shi suka tarar ba. Kwantiraginsu ya ce duk wanda ya tafi kafin shekara uku zai biya dala 25,000. Aka gurfanar da goma daga cikinsu tare da lauyansu bisa zargin jefa majinyata cikin haɗari. Sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da shari'ar, ta ce ta saɓa wa sashen tsarin mulki da ya haramta bauta da aikin dole. Sun yi nasara, amma bayan kusan shekara uku na zullumi.

Na uku, a ƙarshen shekarar guraben bizar da aka ware wa ma'aikatan jinya suka ƙare, layin jira ya koma na shekaru. Rikicin tattalin arziki na 2008 ya biyo baya, nas-nas 'yan Amurka da suka bar aiki suka dawo, asibitoci suka daina ɗauko baƙi. A 2007 'yan Filifin fiye da 21,000 ne suka zauna NCLEX karo na farko, a shekarar da aka buɗe cibiyar jarrabawar a Manila. Zuwa 2012 ba su kai 4,000 ba. Dubban matasa da suka gama karatu suka rasa aiki. Wasu suka koma amsa waya a kamfanoni, wasu har biyan asibitoci suke yi don a bar su su yi aikin sa kai su sami takardar gogewa. Da annobar korona ta zo a 2020, ƙungiyar National Nurses United ta ce 'yan asalin Filifin kashi 4 cikin 100 ne na ma'aikatan jinyar Amurka, amma sun kai kusan kashi 30 na waɗanda cutar ta kashe a cikinsu, saboda da yawa daga cikinsu suna aiki ne a ɗakunan masu tsananin ciwo da gidajen tsofaffi. A daidai lokacin gwamnatinsu ta hana ma'aikatan lafiya fita, daga baya ta ƙayyade mutum 5,000 a shekara.

In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kusan kowane babi na wannan tarihi mun riga mun ga irinsa. A 2023 hukumar jinya ta Birtaniya, NMC, ta soke sakamakon CBT na mutum kusan 2,000 da suka zauna a wata cibiya a Ibadan, mai laifi da marar laifi sai da aka ce su sake. A Fabrairun 2024 hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya ta fitar da sharaɗin shekara biyu na aiki kafin ta tantance wa mutum takardu, ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A Maris na 2024 Birtaniya ta hana masu bizar kula da tsofaffi zuwa da iyalansu, a Yulin 2025 ta rufe ɗaukar su daga waje baki ɗaya. Najeriya, Nijar da Gana suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, shi ya sa dokar ɗaukar aiki ta Birtaniya ta hana a zo neman ma'aikata a cikinsu, ko da yake mutum na iya nema da kansa. Don haka duk ejen ɗin da ya ce asibitin gwamnatin Ingila ne ya turo shi Kano ɗibar mutane, a yi masa tambayoyi sosai kafin a ba shi ko sisi.

Ba muna cewa kada kowa ya tafi ba. 'Yan Filifin da yawa sun gina gidaje, sun ilmantar da ƙannensu, sun zama shugabanni a asibitocin Amurka. Wanda ake bin sa albashin wata uku a nan, shi kaɗai yana duba majinyata talatin da fitilar waya, ba ya buƙatar a yi masa wa'azin kishin ƙasa. Abin da muke cewa shi ne a shiga da ido buɗe. A san wace hukuma ce ke ba da lasisin, a karanta sharuɗɗanta daga shafinta. A bambance bizar nas mai lasisi da ta mataimaki, domin wadda ta shiga ta ƙaramar ƙofa da niyyar gyarawa daga baya tana iya shafe shekaru a can. A nemi lauya ko wanda ya sani ya duba kwantiragi, musamman sakin layin da ya faɗi abin da za a biya in an bar aiki. A guji cibiyar da ke alkawarin taimako a ɗakin jarrabawa, domin ranar da asiri ya tonu har na gefe ake kwashewa. A riƙa sabunta lasisin gida, kada a ajiye aikin hannu sai biza ta fito. Sakamakon jarrabawar Turanci ma yana da wa'adi, galibi shekara biyu, don haka wanda ya zauna ta da wuri ba tare da lissafi ba zai iya biya sau biyu.

Waɗanda suka riga suka bi hanyar, a Ingila suke ko Amurka ko Saudiyya, su taimaka wa na baya da gaskiyar abin da suka kashe da tsawon lokacin da suka jira.